Nasiha: kafin ka kau da kai daga jaririn da aka haifa da tsagaggen leɓe

Assalamu alaikum ƴan uwa. Dan Allah ku daure ku karanta har ƙarshe, abin ya kwana biyu yana cina a rai.

Na taɓa zuwa ganin wata baiwar Allah da ta haihu, ina shiga na tarar ta lulluɓe jaririn da tawul har fuska duk da zafin da ake. Na ce mata buɗe min in ga ɗana mana, sai ta yi shiru, can ta ɗaga tawul ɗin hannunta na rawa. Yaro ne lafiyayye mai gashi, idonsa tar, sai dai leɓensa na sama a tsage yake har cikin hanci ta gefen hagu. Bata kalli yaron ba, fuskata take kallo tana jiran ta ga ko zan yamutsa. Wallahi har yau wannan kallon bai bar ni ba. Daga baya take gaya min maganganun da ta sha tun ranar farko, wani ya ce aikin aljanu ne, wata ta ce ai sai ta tuna wa ta yi wa dariya tana da ciki, wata daga dangin miji ta ce mu dai babu irin wannan a zuri'armu.

Subhanallah. Mace ta ɗauki ciki wata 9, ta sha naƙuda, maimakon sannu sai tuhuma.

Ya ƴan uwa, Allah yana cewa a suratu Ali Imrana aya ta 6, Shi ne yake siffanta ku a cikin mahaifu yadda ya so. To in ka yi wa leɓen yaron nan dariya, aikin wa ka raina? Kuma ga yadda abin yake faruwa, domin rashin sani ne ke kawo yawancin surutun. Fuskar ɗan tayi ba lokaci ɗaya take haɗuwa ba, ɓangarori ne suke tahowa daga gefe da gefe su manne a tsakiya. Leɓe yana haɗewa tsakanin sati na 4 zuwa na 7 na ciki, ganɗa kuma, wato rufin baki na sama, wajen sati na 6 zuwa na 9. In mannewar bata kammala ba shikenan sai tsaga ta rage. Ka ga ke nan abin ya riga ya faru tun lokacin da mata da yawa basu ma tabbatar suna da ciki ba. Wani leɓe kaɗai ne, wani ganɗa kaɗai wanda ba a gani sai an leƙa bakin, wani kuma duka biyun. A duniya ana ƙiyasta kusan jariri 1 cikin 700 ana haifarsa da shi, babu ƙabilar da ta tsira, babu ruwansa da mai kuɗi ko talaka.

Likitoci sun ce akwai gado a ciki, kuma gadon yana iya zuwa ta wajen uba kamar yadda yake zuwa ta wajen uwa, masu cewa babu a zuri'armu ku ji da kyau. Shan taba da giya lokacin ciki, ciwon suga da ba a kula da shi ba tun kafin ciki, da wasu magungunan farfaɗiya suna ƙara haɗarin, amma mai farfaɗiya kar ta ajiye maganinta da kanta, ta ga likita tukuna. Sau da yawa kuma uwa ta kiyaye komai, ta sha folik asid ɗinta, yaro ya zo a haka.

Sai masu cewa a bar shi yadda Allah ya yi shi, tiyata canza halittar Allah ce. Wannan magana tafi ko wacce yi min ciwo saboda da sunan addini ake hana yaro lafiya. Sahabi Arfaja ɗan As'ad an sare masa hanci a yaƙin Kulab tun zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi masa wari, Manzon Allah (SAW) da kansa ya umarce shi ya sa na zinare, Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito. Zinaren da aka haramta wa maza fa. Malamai da wannan hadisin suke kafa hujja cewa gyara aibi daban, ƙarin ƙawa daban. Kuma a Bukhari, Allah bai saukar da wata cuta ba face ya saukar da maganinta.

Kuma ba maganar kyan fuska ba ce kawai. Jariri mai tsagewar ganɗa baya iya zuƙar nono da ƙarfi, iska ke shiga ta tsagar, zaka ga ya kama ya saki ya kama ya saki, ya gaji, nonon na fitowa ta hanci, uwa na kuka shi yana kuka, yana ta ramewa. Irin wannan ana ɗan zaunar da shi a tsaye-tsaye lokacin shayarwa, a riƙa bashi kaɗan-kaɗan akai-akai ana sa shi gyatsa, in ya kasa kama mama a tatsa a bashi da kofi ko cokali ko fida ta musamman da nas zata nuna. Dole sai ya yi ƙiba sannan za a iya yi masa aiki, shi yasa ɓoye shi a ɗaki zalunci ne. Leɓe galibi ana ɗinke shi yana wata 3 zuwa 6, ganɗa kuma wajen wata 9 zuwa 18, kafin harshe ya saba da magana ta hanci. In an bari, ga ciwon kunne da ke iya taɓa ji, ga haƙora su fito a karkace. Wanda ya girma da shi ma ana yi masa, kar a ce lokaci ya wuce. Akwai ƙungiyoyi irin su Smile Train da aka kafa a 1999 da Operation Smile tun 1982 da suke ɗaukar nauyin aikin kyauta a ƙasashe da yawa, a tambayi ma'aikatan asibiti.

Mu kuma da Allah ya bamu yara ba tsaga, me muke koya musu? Yaro na magana ta hanci a makaranta ƴan ajinsu suna kwaikwayonsa, mu manya muna ji muna murmushi. Ku tuna wanda ya fara yi wa mai ƙullin harshe gori a Alƙur'ani, Fir'auna ne, da ya ce Annabi Musa (AS) ko bayani baya iyawa, suratu Zukhruf aya ta 52. Suhailu ɗan Amru kuwa, mai huɗubar Ƙuraishawa da ya ƙulla sulhun Hudaibiyya, malaman sira sun siffanta shi da tsagaggen leɓe, kuma shi ne ya miƙe a Makka bayan wafatin Manzon Allah (SAW) ya yi jawabin da ya tsayar da mutane kan Musulunci.

Addu'ar ganin wanda aka jarrabta, Alhamdu lillahil lazi afani mimmabtalaka bihi, malamai sun ce a ɓoye ake yinta a irin wannan hali. Na ji wata ta karanta ta da ƙarfi a kan jaririn nan uwarsa na zaune, dan Allah a daina.

Ya ke uwa, baki yi laifin komai ba, buɗe fuskar ɗanki. Ya kai uba, kai ne zaka tare mata bakin danginka, kuma kai zaka ɗauke su zuwa asibiti tun satin farko. Yaron da na baku labari an yi masa aikin leɓen, ranar da na koma na tarar da shi a cinyar babansa yana ta ɓangala dariya, ɗan siririn tabo ne kawai ƙarƙashin hanci, tawul ɗin kuma yana rataye a ƙofa.

Allah ya ba yaranmu lafiya, ya sassauta wa iyayen da ke cikin wannan jarrabawa. Wanda ya san gidan da ake ɓoye irin wannan yaro ya tura musu saƙon nan.