Ƙoramar da ba ta cikin taswira, wa zai tsaya mata?

Wanda ya tsallaka Gulbin Maradi a watan Maris, yashi zai gani shimfiɗe, da amalanken shanu suna ɗiba, da yara suna buga ƙwallo a tsakiyarsa. Baƙo zai rantse babu ruwa a wurin. Mai garka da ke gefe kuwa ya san in ya tona gaba kaɗan zai tarar da shi, kuma da shi yake shayar da tumatir da albasa da zogale har damana ta kewayo. Haka ruwanmu yake: wata uku ko huɗu a fili, sauran shekara a ƙarƙashin yashi. Wannan ɓuya tasa ce ke tayar mini da hankali duk lokacin da na tuna cewa wata rana injinan haƙar gas ko man fetur na iya isowa yankin nan, su tarar ba mu rubuta inda ruwanmu yake bi ba.

Ban ce ana haƙar gas a jihar Maradi yau ba. Amma a dubi yadda abin ke matsowa. Tun 2011 ake fitar da mai a Agadem ana tace shi a matatar Soraz da ke kusa da Damagaram. A 2024 bututun da ya tashi daga Agadem zuwa bakin teku a Benin, mai tsawon kusan kilomita 2,000, ya fara aiki, kuma ta cikin jiharmu ya ratsa. Najeriya da Nijar da Aljeriya sun daɗe suna maganar wani bututun gas da zai keta Sahara. A 2022 Najeriya ta ƙaddamar da haƙar mai a Kolmani, tsakanin Bauchi da Gombe. Mu ma mun ga yadda haƙa ke faɗo wa gari ba sallama: da aka ji labarin zinariya a Ɗan Isa a 2021, cikin ƴan watanni dubban mutane suka cika wurin, kuma a watan Nuwamba na shekarar ramuka suka rufta a Garin Liman, mutum 18 aƙalla suka rasu. Allah ya jiƙansu. Mai haƙa ba ya jiran a gama shiri.

Abin da nake kira a yi ba wani abu ne mai wuyar ganewa ba. Kowace ƙorama tana da ƙwaryarta, wato duk faɗin ƙasar da in ruwan sama ya sauka a kai, cikinta zai gangara. Bakin ƙwaryar shi ne tudun da ya raba ta da ta maƙwabta: ɗigon da ya faɗi wannan gefe ya nufi tabkin garinku, wanda ya faɗi wancan gefe ya nufi na wasu. Wata ƙwaryar ba ta wuce gonakin ƙauye biyu ko uku ba. Ƙananan su ne ke zuba cikin manya, har a kai ga Gulbin Maradi ko Gulbin Kaba ko Tabkin Madarunfa. In aka zana bakin kowace ƙwarya, aka sa alamar rijiyoyi da mashayar dabbobi da garake da ke cikinta, to duk wanda ya nuna wuri ya ce nan zai kafa injinsa, a take za a iya gaya masa rijiyar wa ke ƙasa da shi.

Mutanen jihar Pensilbaniya a Amurka sun koyi wannan da tsada. A can, gas ɗin yana maƙale ne cikin wani dutse mai zurfi da ake kira Marcellus, kuma ba ya fitowa sai an tura ruwa da yashi da sinadarai da ƙarfi an farfasa dutsen. Rijiyar gas guda takan sha lita miliyan goma ko fiye. Wani kaso na ruwan yana dawowa sama, ya fi ruwan teku gishiri nesa ba kusa ba, ɗauke da ƙarafan da ya kwaso daga ƙasa, sai a tara shi a ramuka ko a tankuna, manyan motoci su yi ta jigilarsa. A kowane mataki akwai inda zai iya tsiyaya: rami ya cika ya tumbatsa, mota ta kife, ko simintin da aka liƙe bututun rijiyar da shi ya tsage, gas ya bi tsagar ya shiga ruwan sha. A wani ƙauye mai suna Dimock, ranar farko ta shekarar 2009, rijiyar ruwan wani gida ta fashe saboda gas da ya taru a cikinta. Hukumar jihar ta ɗora alhakin a kan rijiyoyin gas na kusa, amma sai a 2022, bayan shekara 13, kamfanin ya tsaya gaban kotu bai musa tuhumar ba, ya yarda zai biya kuɗin jawo wa mutanen ruwan famfo.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne dokar da jihar ta yi a 2012. Ta ce kada a haƙa rijiyar gas ƙasa da kimanin mita 90 daga rafi. Amma wane rafi? Wanda aka zana da shuɗin layi a taswirar gwamnati. Wanda mai zane bai sa ba, wannan sashe na dokar, wanda kotu ta soke a 2013, bai san da shi ba, ko da kuwa mutane na sha daga gare shi. A 2023 kuma kotun ƙolin Amurka ta taƙaita kariyar dokar tsabtar ruwa ta ƙasar ga ruwan da ke zaune ko gudana kusan kullum. A ɗauko irin wannan ma'auni a kawo nan, a ce rafi shi ne mai gudu shekara duka, to jihar Maradi ba ta da ko ɗaya. Gulbin da ya ciyar da kakanninmu zai zama filin yashi a idon takarda.

Taswirorin da aka daɗe ana aiki da su a ƙasar nan, yawancinsu tun na shekarun 1950 da 1960 ne, waɗanda Faransawa suka zana, inda santimita ɗaya ke nufin kilomita biyu. A irin wannan awo, kaurin layin alƙalami kaɗai ya rufe ƙorama da gonar da ke bakinta. Bayan ƙauyenmu akwai wata da muke wanka a ciki muna yara, kowa ya san sunanta, kowa ya san kwana nawa take yi da ruwa bayan an ɗauke sama, kuma rijiyoyi uku na garin duk a gefenta aka haƙa su, don tsofaffi sun san ita ke cika su. Na duba taswira ban same ta ba. Tun wancan zamani kuma ƙasa ta sauya: wasu ƙoramun sun cike da yashi, zaizaya ta buɗe sababbin kwazazzabai, hanyoyin mota sun karkatar da wasu.

Taswira kaɗai ba ta isa ba, sai an haɗa ta da awon ruwa, kuma a nan Tibiri ce ya kamata ta zame mana ishara. A 1985 aka haƙa wa garin rijiyar burtsatse mai zurfi. Shekaru ana sha, sai yara suka fara tasowa da haƙora masu tsatsa da ƙafafu a lanƙwashe. Da aka auna, sinadarin fuloraid da ke cikin ruwan ya ninka iyakar Hukumar Lafiya ta Duniya, wato miligiram 1.5 a lita, fiye da sau uku. Yara dubbai abin ya shafa, kuma waɗanda suka rayu da nakasar suna nan cikinmu, sun girma. Wannan dafi daga duwatsun ƙasa ya fito, ba wani kamfanin mai ya zuba shi ba. Shi ya sa nake cewa duk ranar da rijiya ta yi ɗaci a kusa da wurin haƙa, amsar farko da za a ba mai gari ita ce: dama can haka ruwanku yake, ku tuna Tibiri. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza, gaskiya ne, amma a gaban alƙali sai ka nuna yadda yake kafin ya yi tsamin. Dokar Pensilbaniya ɗin nan ta yi dabara a nan: in ruwan sha ya ɓaci cikin kimanin mita 760 daga rijiyar gas a cikin wata 12, ana ɗaukar kamfanin ne da alhaki, sai in ya kawo hujja, kamar awon da aka yi kafin a fara haƙa. Wannan ya cancanci shiga dokarmu tun yanzu, lokacin da babu wanda zai tsaya yana jayayya a kai.

Aikin bai fi ƙarfinmu ba. Bayanan tudu da kwari na duk faɗin ƙasar nan, waɗanda tauraron ɗan Adam ya auna taki-taki na mita 30, kyauta suke a intanet, manhajar da ke zana bakin ƙwarya daga cikinsu ita ma kyauta ce. Cibiyar Agrhymet da ke Yamai, mai nazarin yanayi da ruwa da noma, tun 1974 take aiki, Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo kuma ga ta a cikin garin nan da ɗalibanta. Sai dai ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, tudun mita ɗaya na iya juya ruwa gabas ko yamma, kwamfuta kuwa tana ruɗewa a irin wannan wuri. Dole sai an taka da ƙafa. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Bafulatanin da ke bin burtali ya san tabkin da ke riga ƙafewa. Matan da ke jan guga sun san rijiyar da ɗanɗanonta ke sauyawa da bazara. Masu haƙar rijiya sun san a gaba nawa ake cin laka, a gaba nawa ake cin tsakuwa. Sarkin ruwa da masuntansa sun san ta inda ruwa ke shigowa tabki. Hukumomin filaye na Kofo, da dokar karkara ta 1993 ta kafa, waɗanda daga baya suka kai har matakin ƙauye, sun saba shata burtali da makiyaya, babu abin da zai hana su shata hanyar ruwa. Na'urar auna gishirin ruwa ba ta fi alƙalami girma sosai ba, kuma a Pensilbaniya wata kwaleji mai suna Dickinson ta koya wa mutanen gari amfani da ita a ƙananan rafukansu. A auna sau biyu a shekara, ƙarshen damana da tsakiyar bazara, a rubuta a littafi.

Na san za a ce muna fama da ƴan bindiga a yankin Madarunfa da Gidan Runji, ga tsadar hatsi, wa ke ta taswira? Ban raina wannan ba, kuma akwai ƙauyukan da ba za a tura ɗalibi yanzu ba. A fara da inda ake iya zuwa. Za a kuma ce ai doka ta riga ta tanada: akwai dokar ruwa ta 2010, akwai ta 2018 da ta wajabta binciken illa ga muhalli kafin babban aiki. Haka ne, amma mai aikin shi ke ɗaukar masu binciken ya biya su, kuma in sun zo da rani na ƴan makonni, yashi za su gani su rubuta yashi. Muna yawan maganar ikon ƙasa a kan arzikinta. Ma'aikacin gwamnatin da zai zauna da kamfani ba shi da taswirar kansa, ta kamfanin zai karɓa ya sa hannu.

Ƙwaryar ruwa ba ta san iyaka ba. Gulbin Maradi daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya shigo ta Madarunfa, ya bi ta Maradi da Tibiri da Gidan Runji, ya sake komawa Najeriya ya haɗu da Rima. Manoman fadama sun ga yadda ruwansa ya ragu bayan an gina madatsar Jibiya. Yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 kan ruwan da ƙasashen biyu suka yi tarayya a kai ta ambaci wannan gulbi da sunansa, don haka akwai inda za a kafa hujja a nemi a zana ɓangarorin biyu tare.

Ko da ba a taɓa samun gas a nan ba, kuɗin ba zai faɗi ƙasa banza ba. Ambaliyar 1945 ce ta tayar da tsohon garin Maradi daga cikin kwari zuwa kan tudu, kuma a damanar 2024 mun sake binne ƴan'uwa da ruwa ya ci a unguwanninmu. Takardar da za ta hana a haƙa ramin ƙazamin ruwa a kan ƙorama, ita ce za ta hana a yanka fulotai a kanta. Da ni za a tambaya, da ƙoramun da ke zuba cikin Tabkin Madarunfa za a fara, a fita da ruwan farko na watan Yuni lokacin da kowace hanya ke nuna kanta, a rubuta kowacce da sunan da mutanen wurin ke kiranta, a bar kwafi ɗaya a ofishin magajin gari, ɗaya a hannun mai gari.