Amalanken Constable: Zanen da Shahara Ta Rufe wa Mutane Ido a Kansa

A gidan adana zane-zane na National Gallery da ke dandalin Trafalgar a Landan, akwai wani zane da mutanen Ingila suka san shi ko da ba su taɓa taka ƙofar gidan ba. An buga shi a kalanda, a gwangwanin biskit, a farantin shayi. Shi ne The Hay Wain, amalanken ɗaukar ciyawa, wanda John Constable ya zana a 1821. Daga Oktoban 2024 zuwa Fabrairun 2025 gidan ya ware masa baje koli na musamman, kuma a ganina ya cancanta, don shahara ta cuci wannan zane. Mutum ya tsaya gabansa, ya ce "ai na san shi," ya ɗaga waya ya ɗauka, ya yi gaba. Bai kalla ba.

To, a tsaya a kalla. Faɗinsa santimita 185, tsayinsa 130. Amalanke na tsakiyar ruwa mara zurfi a kogin Stour, dawakai baƙaƙe na jan sa, an ɗan sa ja a kayan wuyansu. Kare na bakin gaɓa ya zuba musu ido. A hagu ga gidan wani manomi mai suna Willy Lott, hayaƙi na tashi daga rufinsa, wata mata ta durƙusa a bakin ruwa. Abin da da yawa ba sa lura da shi: amalanken fayau yake, babu ko damin ciyawa ɗaya a ciki. Zuwa yake yi, ba dawowa ba. Ana kuma cewa shiga ruwan da gangan ne, don ƙafafun dawakai su huce, katakon ƙafar amalanke ya jiƙa ya kumbura, kada zoben ƙarfen da ke kewaye da shi ya saki saboda zafi.

Amma ƙarfin zanen yana sama. Sararin samaniya ya cinye kusan rabinsa, kuma ba gajimaren ado ba ne. A 1821 da 1822 Constable ya riƙa fita tudun Hampstead da ke arewacin Landan yana zana gajimare zalla, yana rubuta kwanan wata da lokaci da inda iska ke kaɗawa a bayan takardar. Duk wanda ya taɓa tsayawa a gona yana karanta hadari, yana lissafin ko zai kai gida kafin a kece, zai gane wannan sama nan take: akwai rana, akwai kuma ruwa a tafe. Hasken ya sauka can nesa a fadama, ya bar gaban zanen cikin inuwa. A kan ruwa da ganyaye ya yayyafa farin fenti ɗigo-ɗigo don ya kamo ƙyallin danshi. Masu sukar zamaninsa sun yi wa irin wannan ɗigo ba'a, suka ce dusar ƙanƙarar Constable ce.

Ba a yi rububinsa a gida ba. Da aka nuna shi a Royal Academy, cibiyar masu zane ta Landan, a 1821, ba wanda ya saya. Sai da ya tsallaka Faris a 1824 ya sami lambar zinariya daga Sarki Charles na Goma. Bai shiga National Gallery ba sai 1886, shekaru kusan hamsin bayan rasuwar Constable a 1837.

Yanzu a koma fadamar nan ta dama. Akwai wasu ɗige-ɗige farare can ƙurya, sai ka matso ka ƙura ido: masu yankan ciyawa ne. Su ne masu aikin, su ne kuma mafi ƙanƙanta a zanen. A nan masu suka ke da magana, kuma maganarsu da nauyi. Mahaifin Constable shi ke da injin niƙa na Flatford, dab da wannan wuri, attajirin hatsi ne. Bayan ƙarewar yaƙin Napoleon a 1815 ƙauyukan gabashin Ingila sun shiga matsi, burodi ya yi tsada, lada ya faɗi. An yi bore a 1816, a 1822 kuma leburorin gona a Suffolk, yankin su Constable, da maƙwabciyarta Norfolk suka riƙa farfasa injinan sussuka suna cinna wa tarin amfanin gona wuta. Babu ƙurar wannan ko kaɗan a zanen. Kuma ba a bakin kogin aka yi shi ba. A ɗakin aikinsa na Landan ya haɗa shi daga tsofaffin zayyane-zayyanensa, har sai da ya aika gida aka zano masa amalanke aka aiko.

Shin zanen ƙarya ne ke nan? Ban yarda ba. Ɗan mai injin niƙa ya zana ƙauyensu yadda ɗan mai injin niƙa ke ganinsa, ya faɗi gaskiya tsantsa game da ruwa da iska da haske, ya yi shiru game da ladan leburori. Mai kallo da ya san duka biyun ya fi wanda ya riƙe ɗaya cin riba. Wanda ya ce kyau kawai ya mayar da shi kalanda. Wanda ya ce farfaganda ce kawai ya yi asarar saman nan.

Su kansu 'yan fafutika biyu na Just Stop Oil, ƙungiyar adawa da haƙar mai, da suka manna hannayensu da gam a firam ɗinsa a Yulin 2022, bayan sun lulluɓe shi da hoton wannan fili cike da jiragen sama da matattun itatuwa, sun gane cewa a cikin zanen nan Ingila ke kallon kanta. Hanyarsu ce ban goyi baya ba, don firam da man da ke kare fentin sun ɗan taɓu, kuma masu gyaran zane ne suka kwana da aikin, ba kamfanonin mai ba.

Wanda ya sami shiga Landan, shiga National Gallery kyauta ne. Ya kuma daure ya ƙarasa gidan tarihi na Victoria da Albert, inda aka ajiye gwajin da Constable ya fara yi da girman zanen sosai. Can fentin kaca-kaca yake, an shafa shi da gaggawa, launin ƙasa ya rinjayi kore, har da wani mahayin doki a bakin ruwa kusa da karen, wanda daga baya ya shafe shi daga zanen da duniya ta sani.