Littafin da 'Yata Ta Kawo Gida, da Yaron da Muka Yi wa Dariya

Shekara bakwai ke nan ina zaune a Birmingham da iyalina, kuma duk ranar Juma'a 'yata takan dawo daga makaranta da jakar littattafan da za mu karanta tare a ƙarshen mako. A watan Nuwamba ne makarantun Ingila ke gudanar da makon yaƙi da cin zali, wanda aka fara tun 2004, kuma a ranar farko ta makon yara kan je makaranta sanye da safa ƙafa biyu da ba su yi kama da juna ba, domin a nuna musu cewa bambanci ba abin kunya ba ne. A wannan makon ta kawo wani ɗan littafi da hotunansa suka fi rubutunsa yawa, labarin wani yaro baƙo da aka sa a aji alhali bai iya harshen ƙasar ba. A wani shafi babu ko kalma ɗaya, sai hoton yaron yana cin abinci shi kaɗai a ƙarshen dogon tebur. Ta daɗe tana kallon shafin, sannan ta ɗora yatsa a kan wata yarinya da ke waiwayensa daga nesa, ta ce, "Abba, ai wannan ta gan shi, me ya hana ta tashi ta je wurinsa?"

Tambayar ta mayar da ni makarantar kwana da na yi a jihar Katsina. A ajinmu akwai wani yaro mai i'ina, kuma duk lokacin da malami ya ce ya tashi ya karanta, sai aji ya yi tsit ana jiran inda harshensa zai sarƙe. Da zarar an fita tara, sai manyan ajin su kewaye shi suna kwaikwayon maganarsa. Ban taɓa dukansa ba, ban kuma ƙirƙiro laƙabin da aka liƙa masa ba, amma na yi dariya sau da yawa, ina ganin yadda yake damƙe littafinsa a ƙirji yana kallon ƙasa. Da ya kai ƙara, abin da aka ce masa shi ne wasa ne, kuma namiji ba ya kuka.

Ba na yarda da masu cewa Turawa sun fi mu tausayi ko tarbiyya. Mun taso muna karanta aya ta 11 ta Suratul Hujurat, wadda ta hana izgili da jifan juna da munanan laƙabobi, kuma babu gidan da ba a ce wa yaro ya ji tausayin maraya. Kakata ta yi mana tatsuniyar marainiya da kishiyar uwa fiye da yadda zan iya ƙirgawa, muna zaune a tabarma bayan sallar isha'i, tana cewa ga ta nan ga ta nanku, muna amsa mata. Sai dai a waɗannan tatsuniyoyi mugu a bayyane yake tun daga farko, kuma ƙarshensa halaka ce, don haka yaron da ke sauraro yakan ɗauki kansa a matsayin marainiyar, ba ya taɓa zaton shi ne azzalumin. A tatsuniyoyin Gizo kuwa, wanda aka yi wa wayo shi ake yi wa dariya, kuma sau da yawa kuturu ko makaho kan shigo labari ne domin a samu abin raha. Babu tatsuniyar da na ji wadda ta yi magana a kan irina, wato yaron da ya tsaya a gefe yana kallo.

A nan ne na ga littattafan yaran ƙasar nan sun yi mana nisa. Marubutansu sun gane cewa yawancin yara ba su ne masu cin zali ba, ba kuma su ake ci wa ba, 'yan kallo ne, saboda haka sukan gina labarin ta yadda mai karatu zai tsinci kansa cikin 'yan kallon, ya ji nauyin shirun da ya yi. Kuma littafin ba shi kaɗai yake aiki ba. Dokar ilimi ta 2006 ta wajabta wa shugabannin makarantun gwamnati a Ingila su tanadi matakan hana cin zali, kuma shirin Bookstart, wanda aka soma a wannan gari namu a 1992, yana ba jarirai littattafai kyauta tun kafin su iya zama.

Wannan bai sa cin zali ya ƙare ba. Ita kanta 'yar tawa ta taɓa dawowa tana kuka saboda wata ta toshe hanci ta ce abincinta yana wari, ranar da mahaifiyarta ta zuba mata miya mai daddawa. Abin da ya bambanta shi ne ta san sunan abin da aka yi mata, ta san wanda za ta gaya wa, kuma malamar ba ta ce mata wasa ne ba.

Mu kuwa, harkar rubutu ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Zariya ta daɗe tana buga littattafan Hausa, kuma tun daga shekarun 1980 marubutan Kano suka cika kasuwa da labaran soyayya da na zaman aure, waɗanda a yanzu ake karantawa a waya da gidajen rediyo. Amma duk lokacin da na je gida na shiga kantin littattafai ina neman abin da yaro ɗan shekara shida zai karanta da Hausa domin jin daɗi, abin da nake samu mafi yawa shi ne littafin koyon baƙaƙe da wasula, sai kuma na nasiha da ke jero wa yaro abin da zai yi da wanda zai bari. Nasiha tana da muhallinta, amma mu da muka yi wa wancan yaron dariya mun haddace nasihohin duka.

Fassara littattafan nan zuwa Hausa ba za ta wadatar ba, domin yaron Funtua ko Maraɗi ba ya cin abinci a dogon tebur irin na hoton. Abin da nake fata marubutanmu da masu zane su yi shi ne su rubuta labarin almajirin da yaran gida ke kora daga bakin ƙofa, da yarinya zabiya da ake yi wa waƙa a hanyar islamiyya, da ɗan aji ɗaya da siniya ke sa shi wanki da ɗiban ruwa kafin asuba. Ya kamata kuma su nuna wa yara iyakar da ke tsakanin wasan taubashi, wanda kowa ke da bakin ramawa a cikinsa, da tsokanar wanda ba shi da ikon mayar da martani, domin a wannan iyakar ce manya da yawa ke fakewa su ce ai wasa ne.

A daren da muka gama littafin, na ba 'yata labarin yaron ajinmu, ban ɓoye mata cewa ina cikin masu dariyar ba. Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Abba, yaya sunansa?" Na yi ta lalube a raina har ta yi barci, amma sunansa na yanka bai zo mini ba, laƙabin da muka ba shi kaɗai nake tunawa.