Wasan da ke tsayawa ya jira ka, sannan ya kashe ka

Daren jiya na sake mutuwa a wasan da nake bugawa a waya. A hawa na 11 ne, da sulke mai kyau a jikina, da kwalabe biyu na maganin warkewa a jaka waɗanda ko buɗe su ban yi ba. Kwana huɗu ina lallaɓa wannan jarumin, ina taka-tsantsan da shi kamar mai ɗauke da ƙwai, sai ga shi a taku uku komai ya rushe. Wani abokina da ke zaune kusa ya leƙo wayar ya ce, "Malam, ba sai ka koma inda ka yi sebin ba?" Na ce ai babu komawa, wanda ya mutu ya mutu, sai dai a ɗauko sabo daga hawa na farko. Ya dube ni ya ce, "To wannan ai azaba ce ka ɗora wa kanka a waya." Na yi dariya, amma maganar ba ta bar ni na yi barci da wuri ba, shi ya sa yau na ce bari in kare kaina a gabanku.

Wasan da nake bugawa sunansa Shattered Pixel Dungeon, ɗaya daga cikin wasannin da ake kira roguelike, wato masu kama da Rogue. Ni dai dangin Rogue nake ce musu. Shi Rogue ɗin kakansu ne, an yi shi a 1980. Ɗalibai biyu ne a Jami'ar Kalifoniya reshen Santa Kuruz da ke Amurka, Michael Toy da Glenn Wichman, suka fara shi, daga baya Ken Arnold ya shigo ciki a reshen jami'ar da ke Bakli. A lokacin kwamfutocin da suke aiki da su ba sa nuna hoto, sai haruffa. Don haka kai mai wasa alamar @ ce ke wakiltarka, dodanni kuma manyan haruffa ne daga A zuwa Z. Aikinka shi ne ka riƙa gangarawa cikin kurkukun ƙarƙashin ƙasa hawa bayan hawa, ka ɗauko wata laya da ake kira Layar Yendor wadda ba a samunta sai daga hawa na 26, sannan ka hauro da ita a raye. Yawancin waɗanda suka buga shi ba su taɓa ganin layar nan da idonsu ba.

Abin da ya sa suka gina shi haka yana burge ni. Wasannin kasada na rubutu da ake yi a lokacin, idan kai ka tsara su ka riga ka san kowace ƙofa da kowane tarko, babu sauran daɗi a gare ka. Su kuma suna son wasan da zai iya ba su mamaki su kansu. Sai suka sa kwamfuta ta riƙa zana ɗakuna da hanyoyi da kanta, ta watsa kaya da dodanni yadda ta ga dama, duk lokacin da aka fara sabon zagaye. Taswirar da ka haddace jiya ba ta da amfani yau. Daga nan zuriya ta yaɗu: Moria a 1983, NetHack a 1987, Angband a 1990, ADOM a 1994, har zuwa Dungeon Crawl Stone Soup a 2006 da Brogue a 2009.

To, amma ni abin da ya ɗaure ni a nan shi ne tsarin ka taka su taka. Duniyar wasan ba ta motsi sai ka motsa. Dodo yana iya tsayawa gaba da kai, ya ɗaga gatari, jininka saura kaɗan, ka ajiye wayar ka je ka yi abin da za ka yi, ka dawo bayan awa uku, ka tarar da shi yadda ka bar shi, gatarin na sama. Ba ya gaggawa. Duk gaggawar da ke cikin wasan daga gare ka take fitowa.

Ku tsaya ku duba abin da wannan ke nufi. A wasannin harbi da na tsere, idan aka cinye ka kana da uzuri iri-iri: yatsana ya zame, yaron ya fi ni saurin hannu, intanet ta tsaya. A nan an ƙwace maka dukkan uzurin nan. An ba ka lokaci iya son ranka, an buɗe maka jakarka ka ga duk abin da ke ciki, kana iya danna dodon ka karanta halinsa. Idan ka mutu bayan wannan, wa za ka kama? Mutuwata ta jiya misali ce. Wani ƙaton dodo ne mai kan kura, irin wanda idan ka kusa gamawa da shi sai ya haukace na ɗan lokaci, dukansa ya ƙaru. Na san haka sarai, ba yau na fara gamuwa da shi ba. Maganinsa ka ja da baya ka bar haukan ya lafa, ko ka sha magani tun jininka bai yi ƙasa sosai ba. Amma zuciya ta ce min sara ɗaya ya rage, kada ka ɓarnatar da kwalba. Na kai sara, ya kai nasa, na sake kaiwa, shi ke nan. Rowa ce ta kashe ni, da kwaɗayin gamawa da wuri. Da ina iya komawa baya in sake gwadawa, da ban ma lura da wannan halin nawa ba, da na maimaita faɗan har sau biyar sai sa'a ta faɗo in wuce.

Shi ya sa nake ganin tsarin bi-da-bi da mutuwar dindindin ɗan juma ne da ɗan jummai. Mutuwar dindindin a wasan da ke buƙatar saurin yatsa zalunci ce, domin kuskuren ƙiftawar ido zai cinye maka aikin kwanaki. Tsarin bi-da-bi kuma idan ana iya komawa baya, shawararka ba ta da nauyi, tunda ko ka yi wauta za ka goge. Sai an haɗa su biyun ne taku ɗaya yake zama abin da za ka zauna ka yi wa tunanin minti biyar.

Babu inda wannan ya fi fitowa fili kamar maganar kwalabe. A waɗannan wasannin, idan ka tsinci kwalbar magani ba a gaya maka ta mece ce ba, launinta kawai kake gani. Kuma launin yana canzawa a kowane zagaye: jar kwalbar da ta warkar da kai jiya, yau tana iya zama wuta ce da za ta kama ka da ciyawar da kake tsaye a kai, ko hayaƙi mai guba. Haka takardun tsafi, haka zobba, wani zoben ma la'ananne ne, idan ka saka ba ya fita. To me za ka yi? Sabon shiga yana shanye duk abin da ya tsinta nan take, ko kuma tsoro ya hana shi taɓa ko ɗaya har ya mutu da jaka cike. Wanda ya daɗe yana lissafi. Ya san a Shattered Pixel Dungeon maganin warkewa ya fi kowanne yawa, don haka idan ya tara uku masu launi ɗaya, da alama su ne. Ya san idan zai gwada wadda bai sani ba, gara ya tsaya cikin ruwa ko kusa da ƙofa, jininsa a cike, babu dodo a kusa, don ko wuta ce ta mutu da wuri, ko guba ce ya sami hanyar fita. Babu wanda ya rubuta maka wannan a cikin wasan. Ƙonewa ce ke koya maka.

NetHack kuwa ya kai abin nan maƙura, har masu buga shi suna da wata magana cewa masu gina shi babu abin da ba su yi tunaninsa ba. Akwai wani ido mai shawagi, harafin e ne shuɗi, da ƙyar yake motsi, ba ya dukan ka. Ka kai masa sara da hannu, sai ka sandare na tsawon lokaci, ƙaramin ƙwaro ma ya zo ya cinye ka a tsaye. Amma idan ka kashe shi daga nesa ka ci namansa, sai ka sami baiwar ganin dodanni a duk lokacin da idonka ke rufe. Akwai wani tsuntsu mai jelar maciji wanda taɓa shi da hannu tsirara yana mayar da mutum dutse. Idan kana da safar hannu, kana iya ɗaukar mushensa ka riƙa dukan dodanni da shi suna zama duwatsu. Daɗi ko? Sai ka faɗa rami riƙe da shi, ya taɓa ka, kai ma ka zama gunki. Karenka ma malami ne: idan ka ga yana ƙyamar taka wani kaya a ƙasa, kayan nan la'ananne ne. Wani lokaci kuma a sabon zagaye sai ka iso hawan da tsohon jaruminka ya mutu, ka tarar da fatalwarsa da kayansa, da dodon da ya kashe shi yana nan yana jiranka. Ranar da hakan ta fara faruwa da ni sai da tsigar jikina ta tashi, alhali haruffa ne kawai a baƙin allo.

Wannan ne amsata ga abokina da ya ce aikin kwana huɗu ya tafi a banza. Jarumin ya tafi, sulkensa ya tafi, amma abin da na sani yana nan. A yawancin wasanni lambobin jarumi ne ke girma, kai kana nan yadda kake. A dangin Rogue kullum daga sifiri jarumi yake farawa, mai riƙe da wayar ne ke girma. Kaguwar da ke cikin magudanan ruwa na hawan farko-farko, mai taku biyu kafin ka yi ɗaya, ta kashe ni ba adadi a watan da na fara. Yau ina ganin ta nake ja zuwa bakin ƙofa in jira ta. Kaguwar ba ta canza ba. Kuma wannan ilimin ba ƙarami ba ne: a 2020 masu bincike na Facebook sun mayar da NetHack filin gwada ƙirƙirarriyar basira, aka yi gasa a kansa a 2021, babu manhajar da ta kai ƙarshen wasan, alhali akwai mutanen da ke cinye shi sau da yawa a jere.

Ba zan yi muku ƙarya in ce babu aibi ba. Wasu tsofaffin wasannin nan suna da mugunta marar dalili. Abubuwa da yawa a NetHack ba za ka taɓa gano su da hankalinka ba, sai ka je ka karanta abin da wasu suka rubuta, ko ka mutu sau ɗari. Ga madannai barkatai da sai ka haddace kamar karatun jarrabawa. Kuma sa'a tana da hannu, wani zagayen tun daga hawa na 2 za ka haɗu da abin da ya fi ƙarfinka babu makami a hannunka. Masu cewa kowace mutuwa laifin mai wasa ce suna ƙara gishiri. Abin da zan yarda da shi shi ne, cikin mutuwa goma, a takwas ko tara idan na waiwaya ina ganin inda na kauce, kuma galibi ba a takun ƙarshe ba ne, tun can baya ne lokacin da na ƙi guduwa.

Sababbin sun gyara da yawa daga cikin wannan. Dungeon Crawl Stone Soup yana da madanni ɗaya da ke zagaya maka hawa har sai wani abu ya ɓullo, kuma a 2021 masu kula da shi suka cire yunwa da abinci gaba ɗaya, don sun ga wahala ce kawai ba ta sa ka yanke wata shawara mai ma'ana. Brogue shi ne wanda na fi so a wajen tsabta: yana gaya maka a fili yiwuwar dodo ya same ka da yawan dukan da zai kashe ka, sannan ya bar ka da ciyawa mai kamawa da wuta, da iskar fadama mai fashewa, da biri mai sace maka kaya ya ruga, da wani dodo da aka ɗaure da sarƙa wanda idan ka kwance shi zai zama abokin tafiyarka. Bai ɓoye maka ƙarfin dodo ba, kuma duk da haka zai kashe ka.

Inda nake da ɗan ƙorafi shi ne yadda sunan roguelike ya zama na kowa. Tun 2008 masu gina irin waɗannan wasanni suka zauna a Balin ta Jamus suka yi ƙoƙarin fayyace abin da ya cancanci sunan, amma kasuwa ba ta saurare su ba. Yanzu duk wasan da ake mutuwa a sake farawa sai a liƙa masa. Hades na 2020 wasa ne mai kyau, ba na musu, amma saurin yatsa yake nema, kuma duk mutuwa tana bar maka abin da za ka ƙara wa jarumin ƙarfi, har wata rana ka wuce ko da kai ba ka ƙware ba sosai. Wannan wani daɗin ne daban. Slay the Spire na 2019 ya fi kusa da zuciyata duk da cewa da kati ake buga shi, domin yana nuna maka abin da dodo zai yi a taku na gaba ya bar ka da lissafinka. Jafanawa ma suna da nasu reshen tun 1993, jerin Mystery Dungeon, wanda yara da yawa suka shiga ta ƙofar Pokémon ba tare da sun san jikan Rogue suke bugawa ba.

Abokin nawa dai bai gamsu ba, ya ce shi idan ya dawo a gajiye so yake wasa ya lallashe shi. Ban ga laifinsa ba. Ni kuma da safen nan na ɗauko sabon jarumi, ina hawa na 3, da kwalabe uku masu ruwan ɗorawa a jaka da wata baƙa guda ɗaya. Ina kyautata zaton ukun nan na warkewa ne. Baƙar ce ban sani ba, kuma akwai ɗan tafki a ɗakin da ke gabana, can zan je in tsaya in sha.