Kujerar da na biya kuɗinta, amma Hajiya a tsaye har Thurles

Ranar Juma'ar da ta wuce aka ci min mutunci a gaban mahaifiyata cikin jirgin ƙasan Dublin zuwa Cork, kuma wallahi har yanzu in na tuna sai in ji zuciyata na tafasa. Duk wanda ke zaune a ƙasar nan ta Ayilan ya san jirgin yammacin Juma'a, ɗalibai da jakunkunansu, ma'aikata masu komawa gida, kowa a gajiye kowa na neman inda zai sa ƙugunsa, ba sai na ɓata bakina wajen bayani ba. Saboda na san haka ne ma tun da wuri na shiga intanet na sayi tikiti biyu, na zaɓi kujeru masu tebur a gefen taga, don Hajiya ta zo ganin jikokinta ne kuma ciwon gwiwa ya daɗe yana damunta, ko matakala uku ba ta hawa sai ta tsaya ta huta.

Ni mutum ne mai son jirgin ƙasa tun ina yaro, so na gaske, irin wanda zan tsaya a bakin dandamali cikin ruwan sama don kawai in ga kan jirgi ya wuce. Da gangan na zaɓi wannan jirgin don ina so Hajiya ta shiga taragan Mark 4, waɗanda kamfanin CAF na Sifen ya ƙera suka fara aiki a 2006, masu faɗi, masu manyan tagogi, babu inji a ƙarƙashin ƙafarka, kan jirgi ɗaya ne a gefe guda yake jan su zuwa ya turo su dawowa. Har labarin kawunan jirgin na ba ta a gida, samfurin 201 da General Motors ya ƙera a Kanada, guda 34, aka raɗa musu sunayen kogunan ƙasar, na farkonsu mai sunan kogin Shannon a cikin jirgin sama ƙirar Antonov aka sauke shi a Dublin a 1994. Ta yi ta mamaki tana cewa jirgi a cikin jirgi, ikon Allah.

Muna isa dandamali a tashar Heuston ta Dublin na ga ba shi ba ne. An sauya shi da samfurin 22000, waɗannan na Koriya ta Kudu masu inji a ƙarƙashin kowane tarago, kuma gajere, bai kai tsawon wanda aka sayar mana da kujerunsa ba. Ba sanarwar da ta gaya mana abin da za mu yi da lambar kujerarmu, ba saƙo a waya, ba kowa a ƙofa. Muka kutsa ciki ina riƙe da hannun Hajiya da jaka a ɗaya hannun. Ɗan allon da ke saman kowace kujera, wanda ya kamata ya nuna sunan mai ita, duk a mace, baƙi ƙirin daga farkon tarago har ƙarshe. Lambar da ke kan tikitina na same ta, wani bawan Allah na zaune a kai ya toshe kunnuwansa, kujerar kusa da shi kuma ya ɗora mata jakarsa. Na taɓa shi a hankali na nuna masa wayata. Ya ɗaga kai ya kalli allon, ya ɗaga kafaɗa, ya mayar da abin kunnensa. Ko jakar bai taɓa ba.

Na ce ba da shi zan yi ba, bari mai duba tikiti ya zo. Muka tsaya a tsakanin taragu kusa da ƙofar banɗaki, an cunkusa mu kamar buhunan masara a bayan akori-kura, Hajiya ta jingina da bango ta riƙe ƙarfe da hannu biyu, duk sanda jirgin ya karkata sai in ga ta runtse ido ta ɗauke nauyinta daga ƙafar hagu.

Sai bayan mun wuce Kildare mai duba tikitin ya ɓullo. Na yi masa sallama irin tasu cikin ladabi, na ce yallaɓai don Allah taimako nake nema, na biya kujeru biyu, ga lambobin, ga mahaifiyata tsohuwa ce ba ta iya tsayuwa. Bai ɗago ba. Idonsa na kan 'yar na'urar da ke hannunsa, ya ce tikiti. Na miƙa wayar, ya haska ta, na'urar ta yi ƙara, ya ce yau babu maganar kujerar wani, kowa ya zauna inda ya samu. Na ce to ai ba mu samu ba, shi ya sa nake maka magana, ga kujera can an ɗora mata jaka, kalma ɗaya daga bakinka ta isa. Ya ce ka gaya masa da kanka. Na ce na gaya masa. Ya ce to me kake so in yi, ba ni na haɗa jirgin ba.

Na danne zuciyata. Na ce na san ba kai ka haɗa ba, na san an cire Mark 4 an sa wannan, kujerun ba za su yi daidai ba, abin da nake roƙo kawai a samar wa tsohuwa wurin zama, ko a kujerun da aka ware wa tsofaffi da masu lalura ne. A nan ne fa ya ɗago kai, karo na farko, ya kalle ni daga sama har ƙasa, ya ce da ƙarfi yadda duk na wurin za su ji, tunda ka san jirage haka ai sai ka je gaba ka tuƙa mana. Wani a bayana ya yi 'yar dariya. Ya ƙara da cewa in ina da ƙorafi akwai fom a intanet, ya raɓa ta gefen Hajiya har kafaɗarsa na gogar mayafinta, ko kallonta bai yi ba, ya danna ƙofa ya wuce.

Hajiya ba ta jin Turanci amma ta ji komai, don wulaƙanci ba ya buƙatar tafinta. Ta kamo hannun rigata ta ce, ƙyale shi ɗan nan, kar ka biye masa, ƙasar mutane ce. Na ce Hajiya kuɗinmu fa muka biya. Ta ce na sani, yi haƙuri. Matar da ta haife ni, da ciwo a ƙafarta, ita ce ke ba ni haƙuri a bakin ƙofar banɗaki. Sai da muka kai Thurles wata yarinya ɗaliba da ta leƙo ta gan ta, ta tashi da sauri ta ba ta wurinta tana ta ba da haƙuri kan laifin da ba nata ba, Allah ya yi mata albarka. Tarago cike da manya masu lafiya, kowa ya kifa kai a waya.

Kuma kar wani ya ce min tsautsayin rana ɗaya ne. Shekara da shekaru muna cikin wannan. Allon kujera ya mutu, banɗaki a kulle, a tsaya a tsakiyar gonaki ba wanda zai ce maka uffan. Keken shayin nan da ake turawa cikin jirgi an ɗauke shi a 2020 lokacin korona, sai 2023 ya dawo hanyar Cork, yawancin sauran hanyoyin aka bar mutane su yi tafiyar awa uku ko ruwan zafi babu. Wanda ke bin hanyar Galway ko Sligo ko Tralee ya san zaman jiran jirgin da ke tahowa daga gaba, saboda mafi yawan layin ƙwaya ɗaya ne tal, in ɗaya ya makara duk sun makara.

Shi wannan ma'aikacin ban yafe masa ba, rashin tarbiyya rashin tarbiyya ne ko a wace ƙasa. Amma wa ya jefa shi cikin jirgin da ya cika ya batse ba tare da kujerar da zai ba kowa ba? Gwamnatocin da suka yi ta zuwa suna wucewa ne, dukkansu, ba na ware ko ɗaya. Taragu ne babu, ƙarshen magana. Taragan Mark 3 da aka yi a shekarun 1980, waɗanda duk mai son jirgi a ƙasar nan zai gaya maka babu kamarsu wajen laushin tafiya, an ajiye su a 2009, yawancinsu aka yanka aka sayar da ƙarfen, 'yan kaɗan aka gyara aka mayar da su jirgin shaƙatawar masu kuɗi. Irinsu a Ingila sun ci gaba da ɗaukar fasinja shekaru da yawa bayan haka. Wasu daga cikin kawunan 201 ɗin nan da nake ƙauna sun yi shekaru a jibge a Inchicore, wurin gyaran jiragen ƙasa a Dublin, ruwa na dukansu. Da tattalin arziki ya farfaɗo mutane suka dawo, a 2019 tafiye-tafiyen jirgin ƙasa suka haura miliyan 50, sai aka farga babu abin ɗaukarsu. Aka yi odar ƙarin taragu 41 a shekarar, ba su fara aiki ba sai 2024. Taragu 41 ga ƙasa guda! Shekara biyar!

Abin da ya fi ƙona min rai, su Mark 4 ɗin an ƙera su ne su iya gudun kilomita 200 a awa, amma tunda suka zo ba su wuce 160 ba, don layin da kan jirgin iyakarsu ke nan. Tsakanin Dublin da Cork kilomita 266 ne kacal, manyan birane biyu na ƙasar, har yau awa biyu da rabi, har yau da dizal. Ban da DART da aka buɗe a 1984 mai bin gaɓar teku a Dublin, babu layin dogo mai lantarki a ƙasar nan, a duk Tarayyar Turai mu ne a can ƙasan jeri. A daidai shekarun da aka bar dogo yana lallaɓawa, an zuba kuɗi an shimfiɗa manyan tituna daga Dublin zuwa Cork da Limerick da Galway da Waterford, zuwa 2010 duk an gama. Ashe in ana so a yi abu ana iya yi. Ba a so ba ne, an yanke cewa kowa ya sayi mota, wanda ba shi da ita ko tsufa ya hana shi tuƙi ya ji da kansa.

Ku buɗe taswira ku kalli arewa maso yamma. Donegal babu jirgin ƙasa ko ɗaya, Cavan babu, Monaghan babu, a tsallaken iyaka Tyrone da Fermanagh ma babu, alhali wajen 1920 tsibirin nan yana da layin dogo sama da kilomita 5,000 kuma duk waɗannan wuraren jirgi na zuwa. An tuge an sayar. A 2010 ma, ba zamanin kakanni ba, aka rufe layin Waterford zuwa Rosslare. Navan gari guda cike da masu zuwa aiki Dublin kullum, layin ya tsaya a tashar M3 Parkway bai kai garin ba tun 2010 ana ta yi musu alkawari. Filin jirgin saman Dublin da na je ɗauko Hajiya, mutum sama da miliyan 30 ke bi ta cikinsa a shekara, babu dogo ko taku ɗaya, tun farkon shekarun 2000 ake zancen jirgin ƙarƙashin ƙasa da zai je can. Wanda ya sauka a Heuston yana son kama jirgin Belfast ko Sligo sai ya ja kayansa ya fita titi ya hau Luas, ƙaramin jirgin da ke bin titunan birni, zuwa tashar Connolly, ramin da aka tsara zai haɗa layukan ta ƙarƙashin birni an jingine shi a 2015.

Kuma ba talauci ba ne, wannan ne ke sa ni kasa barci. Ƙasa ce da ke rufe shekara da rarar kuɗi a baitulmali, a 2024 kotun Turai ta sa aka miƙa mata kusan yuro biliyan 14 na harajin Apple, kuɗin da gwamnatin da kanta ta yi shekaru tana shari'ar kar ta karɓa. A shekarar dai aka fito da babban rahoton gyaran dogo na tsibirin baki ɗaya, lantarki, layi biyu, jirgi har Donegal, komai da komai, amma wa'adinsa 2050. Mu masu biyan haraji yau, masu tsayuwa a ƙofar banɗaki yau, a gaya mana me za mu hau kafin 2050?

Mu ma jama'a da laifinmu, 'yan ƙasa da mu baƙi duka. An saba, an mayar da abin ba komai ba, a tsaya awa biyu da rabi a sauka a ce wa direba an gode a tafi gida. Lokacin zaɓe 'yan takara na bin gida-gida suna ƙwanƙwasa ƙofa, mutum nawa ne ke tare su da maganar jirgi? Ni kam fom ɗin na cika shi, na kuma rubuta wa kowane ɗan majalisar mazaɓarmu da sunana da lambar tikitina, kuma duk wanda ya ƙwanƙwasa min ƙofa neman ƙuri'a sai ya gaya min taragu nawa za a saya, wace shekara za su iso, da ranar da za a fara kafa turakun lantarki a hanyar Cork, in ba shi da amsa ya kama gabansa.