Likitan fata a Japan ya tambaye ni ko wurin ya yi ja

Tun daga Disamba busasshiyar iskar garin Tsukuba, inda nake karatu, ta fara farfasa min ƙwauri, bayan gwiwata ya yi baƙi ƙirin, ƙaiƙayi ya hana ni barci. Da a gida ne kun san inda zan nufa. A nan kuwa magani mai ƙarfi sai da takardar likita, dole na nemi ɗan asibitin fata na unguwa, wanda suke kira hifuka.

Daga bakin ƙofa za ka cire takalmi ka zura silifas ɗinsu, nawa dugadugan duk a waje. Ciki tsit, kowa da takunkumi, har yara ba ka jin motsinsu. Matar da ke kanta ta karɓi katin inshorata ta miƙo min takardar tambayoyi, dukkanta da rubutunsu na Japananci da ake kira kanji, sai zanen mutum gaba da baya inda za ka zagaye wurin da ke damunka. Na zagaye ƙafa. Sauran kuwa na yi ta haska waya ina fassarawa layi-layi, gumi na karyo min cikin wannan sanyi. Can ta zagayo, ta rusuna, ta ce cikin taushin murya in zan dawo in zo da mai jin Japananci. Ladabi kam ba a magana, amma maganar ta soke ni. Mutum da gemunsa, yana digiri na uku, a ce ya zo da mai yi masa baki.

Ganin likita bai wuce 'yan mintoci ba. Su da kansu suna da zancen jiran awa uku don ganin likita na minti uku. Ya duba da madubin ƙara girma, ya tambaye ni ko wurin ya taɓa yin ja. Ja! A wannan fatar tawa? Ban ga laifinsa sosai ba, a kan farar fata ya yi karatu, inda kumburi ke fitowa ja. A jikinmu kirci duhu yake ƙarawa ko ya yi toka-toka, kuma ko ya warke tabon yakan daɗe. Da wane bakin zan yi masa wannan bayani? Na ce e kawai.

Ba zan ci haƙƙinsu ba. Duk baƙon da zai zauna fiye da wata uku dole ya shiga inshorar lafiya, kashi 30 cikin ɗari na kuɗin asibiti da magani kawai kake biya. Takardar magani kwana huɗu take aiki, ka kai ta kantin magani da ke maƙwabtaka, su rubuta abin da aka ba ka a wani ɗan littafi da za ka riƙa yawo da shi. Mai maganin ta nuna min a kan yatsarta iya adadin da zan matso, da ranar da zan daina, ta haɗa min da man Hirudoid na laushin fata. A gida wa ke gaya maka ranar dainawa? Man nan mai haɗi uku ake miƙo maka, ka yi ta shafawa, wasu ma su mayar da shi na bilicin har fata ta yi siriri, nankarwa ta fito.

Duk da haka, wallahi na fi son rashin lafiya a gida. Mai kemis ɗin layinmu kallo ɗaya zai yi wa baƙar fata ya raba maka kyasbi da makero, yana tambayarka mutanen gida. Kuma wa ke zuwa asibiti shi kaɗai a wurinmu? Ko ba ka nema ba wani zai biyo ka, ya riƙe maka kati, ya yi maka musu da ma'aikata. A ɗakin bincikenmu na yi makonni ina susa a gaban mutane, ba wanda ya ce sannu, don a wajensu tanka wa jikin mutum rashin ta-ido ne.

Da na gaya wa Umma a waya, faɗa ta fara yi: "Kai yanzu har ƙafarka ta lalace ba ka faɗa ba? Da me kake wanka?" Kafin dare yayyena uku sun kira dubiya, kawu ya turo addu'a. Ta sa an sayo man kaɗanya da sabulun salo an ɗaure. Don Allah duk mai tahowa daga Kano kafin Maris ya yi min magana, kayan ba su da nauyi.