Endometiriyosis da kansar gidan ƙwai: kada a firgita, kada kuma a yi sakaci

'Yan uwa mata na Agege, Idi-Araba da sauran unguwanninmu na Legas, da zarar an gaya wa mace tana da endometiriyosis, abin da ke fara zuwa ranta shi ne ko zai rikiɗe ya zama kansa. Alaƙar gaskiya ce, sai dai ba ta kai yadda ake kururuta ta ba.

Endometiriyosis shi ne nama mai kama da shimfiɗar cikin mahaifa ya tsiro a wajenta: kan gidan ƙwai, bayan mahaifa, wani lokaci har jikin hanji. Duk wata yana zubar da jini, jinin kuma ba shi da mafita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mace 1 cikin 10 masu shekarun haihuwa na fama da shi. Idan jinin ya taru a gidan ƙwai sai ya zama ƙullutu mai kauri, launin cakulan. Sinadarin ƙarfen da ke cikin tsohon jinin, haɗe da kumburin shekara da shekaru, na iya lalata ƙwayoyin halittar wurin. Nan kansar kan samo tushe.

Binciken jihar Utah ta Amurka da mujallar likitoci ta JAMA ta wallafa a 2024 ya nuna haɗarin kansar gidan ƙwai ga masu endometiriyosis ya ninka kusan sau huɗu, ga masu ƙullutun ko masu ciwon da ya yi zurfi kuwa kusan sau goma. Amma kansar gidan ƙwai dama ba ta da yawa: tsakanin mace 1 zuwa 2 cikin 100 ke kamuwa a tsawon rayuwa. Mafi rinjayen masu endometiriyosis ba za su taɓa yin ta ba. Don haka cire wa 'yar shekara 30 gidan ƙwai saboda tsoro kawai kuskure ne babba. Al'ada za ta ɗauke da wuri, ƙashi ya yi rauni, haihuwa ta ƙare. Ko tiyatar cire ƙullutun kaɗai tana rage ƙwai, shi ya sa ba a gaggawar yin ta.

Abin da ya fi damunmu shi ne sakaci. Mace ta shekara tana murƙususu duk wata, ana cewa sanyi ne, ana ɗura mata jiƙe-jiƙe, ba a taɓa leƙa marar ba. A je wurin likitan mata, akwai su a asibitocin koyarwa na LUTH da LASUTH, a yi sikanin ta gaba, don ya fi na saman ciki nuna gidan ƙwai. Gwajin jini na CA-125, da ake yi don neman alamar wannan kansar, shi kaɗai ba hujja ba ne, yana hawa da endometiriyosis ɗin kansa, da ƙarin mahaifa (fibroid), har da al'ada. Ƙwayoyin tazarar haihuwa masu sinadari biyu suna rage ciwon, suna kuma rage haɗarin wannan kansar, amma mai hawan jini ko wadda jini ya taɓa daskare mata kada ta sha sai da izinin likita.

A hanzarta komawa asibiti idan ciki ya kumbura makonni bai sauka ba, ko ana ƙoshi da loma kaɗan, ko fitsari ya yawaita, ko salon ciwon ya sauya, musamman bayan shekara 45 ko bayan ɗaukewar al'ada. Idan uwa ko 'yar'uwa ta yi kansar nono ko ta gidan ƙwai, a faɗa wa likita tun zuwan farko. A kuma adana takardun sikanin duka, domin da su ake gane ko ƙullutun yana girma ko ya fara yin tsoka a ciki.